Me ya sa gwamnati za ta kashe kuɗin jama'a a kan marubuta da masana tarihi?

Tambaya: Malam, ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Kwanan baya muka yi gardama da abokiyar aikina mai koyar da adabi. Ita ta ce wajibi ne gwamnati ta riƙa ware kuɗi ga marubuta, masu zane, 'yan wasan kwaikwayo da masu binciken tarihi. Ni kuwa na ce muddin asibiti na neman magani, aji na neman kujera, wannan almubazzaranci ne. Mai fasahar da ya iya, jama'a za su sayi aikinsa. Wanda bai iya ba ya nemi wata sana'a. Ban da haka, a ganina duk wanda ya karɓi kuɗin gwamnati ya zama ɗan amshin shatarta. Wace ce mai gaskiya a cikinmu?

Amsa: Malama, hujja biyu kika ɗaure a ƙunshi ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Wadda ta ce kasuwa ta wadatar tana da rauni. Wadda ta ce kuɗin gwamnati na rufe baki kuwa, a nan gizo ke saƙa, domin ƙasashe sun shafe kusan shekara 80 suna neman maganinta, har yau da sauran rina a kaba.

Mu fara da girman kuɗin, don yawanci ana zaton ya fi haka. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson na Amurka ya sa hannu a dokar da ta kafa asusun ƙasa guda biyu, ɗaya na fasaha, ɗaya na fannonin nazarin ɗan'adam, wato tarihi, harshe, adabi, falsafa da dangoginsu. A 2024 kowane ɗaya ya samu dala miliyan 207. Ki raba wannan ga mutum sama da miliyan 330, za ki ga kason kowane ɗan ƙasa a kowane asusu bai kai dala ɗaya ba a shekara. Ko da an rufe asusun biyu gobe, ba wani asibiti da zai san an yi. Ban ce ƙanƙantar kuɗi ta halatta ɓarna ba, musamman a ƙasa matalauciya inda kowane kwabo ke da mai jiransa. Abin da nake nufi shi ne, ba kasafai kason al'adu ke zama dalilin rashin magani ba.

Game da kasuwa, kina da rabin gaskiya. Mawaƙin da miliyoyin mutane ke saurara, da fim ɗin da ke cika sinima, ba su da buƙatar sisin gwamnati. Abin da suke nema a wurinta shi ne dokar da za ta hana satar fasaha da kotun da za ta yi aiki da dokar. Amma a 1966 wasu masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, sun nuna wata cuta da ke tattare da aikin fasaha. Masana'anta na samun sabon inji, ma'aikaci ɗaya ya yi aikin mutum goma, albashi ya tashi, kaya su yi arha. Kiɗan da aka tsara wa mutum huɗu shekara 200 da suka wuce kuwa, yau ma mutum huɗu ne za su kaɗa shi, a daidai tsawon lokacin da aka saba. Su ma makaɗan dole albashinsu ya bi tsadar rayuwa, alhali aikin ba ya sauri. Saboda haka kuɗin shirya wasa a dandamali kullum hawa yake yi, har ya kai ga tikiti ya fi ƙarfin talaka ko kuma a rufe gidan. Ke ma wannan cutar ta shafe ki, Malama: darasin minti 40 ba ya zama na minti 4 don an ƙirƙiro kwamfuta, shi ya sa ba a bar karatun yara a hannun kasuwa kaɗai ba.

Akwai kuma ayyukan da ba su da mai saye ko kaɗan a ranar da ake yinsu. Wa zai biya wanda ya shafe shekara 15 yana harhaɗa ƙamus na harshen da mutum dubu kaɗan ke yi? Wa zai biya mai kula da ɗakin da ake adana tsofaffin takardu don kada gara ta cinye su? Masu cin moriyar irin wannan aiki yawancinsu ba a haife su ba tukuna, wanda ba a haifa ba kuwa ba ya zuwa kasuwa. Lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, gwamnati ta ɗauki marubutan da suka rasa aiki, ta tura wasunsu su yi hira da tsofaffin da aka haifa cikin bauta. Tsakanin 1936 da 1938 suka tattara labarin mutum sama da 2,300 daga bakinsu. A lokacin, da yawa sun ɗauki shirin a matsayin hanyar raba wa marasa aiki kuɗi kawai. Da an jira shekara 20, da kusan duk tsofaffin nan sun rasu da labarinsu a ciki. Yau da wuya mai rubuta tarihin bauta a Amurka ya kauce wa waɗannan takardu.

Ɗaya ɓangaren kuma, wato abin da ke faruwa idan an yi ko-in-kula, Brazil ta gan shi da idonta. Daren 2 ga Satumba 2018 gobara ta tashi a gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Rio de Janeiro, a shekarar da ya cika 200 da kafuwa. Yana ɗauke da kayayyaki kusan miliyan 20, mafi yawansu suka ƙone. Ginin ba shi da na'urar da ke feso ruwa idan wuta ta tashi, kuma da 'yan kwana-kwana suka iso, famfunan da ke kusa ba su da ruwa. Ma'aikatan gidan sun yi shekaru suna kukan an rage musu kuɗi. An ma sa hannu a kan wani tallafin gyara 'yan watanni kafin gobarar, sai dai kuɗin bai kai ga aiki ba. Cikin abin da ya salwanta har da muryoyin da aka naɗa na harsunan 'yan asalin ƙasar, wasunsu babu mai magana da su a yau. Gini ana sake shi, kuma ana kan sake wannan. Muryar mutumin ƙarshe da ya iya wani harshe fa, a wace kasuwa za a samo ta?

A jami'o'i ma ana wannan ja-in-ja. A 2015 ministan ilimin Jafan ya rubuta wa jami'o'in gwamnati yana neman su rufe ko su sauya sassan nazarin ɗan'adam da zamantakewa zuwa abin da ya fi dacewa da buƙatun al'umma, aka yi ca a kansa. A 2020 Ostireliya ta ninka kuɗin karatun yawancin waɗannan fannoni fiye da sau biyu don ta karkata ɗalibai zuwa wasu. Ban ga hikimar hakan ba, tunda daga waɗannan sassa ne malaman harshe, masu fassara da ma'aikatan gidajen tarihi ke fitowa.

Yanzu ga hujjarki mai ƙarfi. Hausawa sun riga sun faɗe ta a taƙaice: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Tambayar da masu tsara manufofi ke yi ita ce, ta yaya za a biya wanzami ba tare da an ɗora masa kan mai biyan ba?

Birtaniya ta amsa da gina katanga a tsakani. A 1946 aka kafa Majalisar Fasaha ta ƙasar, wadda masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi wa shimfiɗa, ko da yake ya rasu 'yan watanni kafin a ba ta takardar kafuwa. Tsarin shi ne gwamnati ta yanke yawan kuɗin, ta miƙa wa majalisa mai zaman kanta, ta koma gefe. Masana fannin su ne ke zaɓen wanda za a ba. Minista ba shi da ikon cewa a ba wane, a hana wane. Daga 1994 aka ƙara da wani kaso na ribar cacar ƙasa, abin da masu suka ke cewa talaka mai sayen tikiti ne ke biyan nishaɗin masu hali. Katangar ma ba ta da tsayin da ake faɗa. A 2022 ministar al'adu ta umarci Majalisar Fasaha ta Ingila ta karkatar da wani kaso daga Landan zuwa sauran yankuna, majalisar kuma ta bi. Ko da manufar mai kyau ce, an ga cewa hannun gwamnati na iya tsallake katanga idan ya ga dama.

Faransa ba ta ɓoye hannunta ba. A 1959 ta kafa ma'aikatar al'adu sukutum, marubuci André Malraux ya zama ministanta na farko. Dabararta da ta fi burge ni ita ce ta fim: tun 1948 ana cire haraji daga kowane tikitin sinima, yanzu kusan kashi 11 cikin 100, a zuba shi a asusun shirya finafinan ƙasar. Ko fim ɗin Amurka mutum ya je kallo, ya taimaki ɗan fim ɗin Faransa. Kuɗin daga cikin sana'ar yake fitowa ya koma cikinta, don haka ba ya takara da kasafin lafiya, kuma ba sai an je roƙon 'yan majalisa kowace shekara ba.

Hanya ta uku ita ce gwamnati ta yafe haraji ga wanda ya ba da gudummawa. A Amurka haka ake yi tun 1917, kuma abin da masu hannu da shuni da gidauniyoyi ke bayarwa ga fasaha da al'adu ya haura dala biliyan 20 a shekara, ya ninka na asusun biyun nan sau da yawa. Brazil ta kwaikwayi wannan a 1991 da dokar Rouanet, wadda ta ba kamfani damar karkatar da kashi 4 cikin 100 na harajin da ake binsa zuwa aikin al'adu. Kada a ruɗe ki, wannan ma kuɗin jama'a ne, tunda haraji ne da bai shiga baitulmali ba. Bambancin kawai, sashen tallan kamfani ne ke zaɓe a madadin minista, shi kuwa inda sunansa zai fito yake so. Sakamakon haka mafi yawan kuɗin Rouanet a yankin São Paulo da Rio yake ƙarewa. An canza kuturun ne, askin yana nan.

Tsoron da kike ji ya tabbata a fili a Koriya ta Kudu. Shugaba Kim Dae-jung, wanda ya hau mulki a 1998, ya ɗauki aƙidar a tallafa amma kada a sa baki, kuma a zamaninsa kason al'adu ya kai kashi 1 cikin 100 na kasafin ƙasa. Amma a 2016 aka bankaɗo cewa gwamnatin Park Geun-hye ta tara sunayen masu fasaha sama da 9,000 da ake ganin ba sa goyon bayanta, don a hana su tallafi a asirce. Ministar al'adu da wani tsohon shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa sun gurfana gaban kotu, aka same su da laifi. A Amurka ma, bayan rigimar da ta tashi a 1989 kan wasu hotuna da mutane da yawa suka ɗauka cin zarafin addini da tarbiyya ne, majalisa ta zabtare kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin asusun fasaha a 1996, ta kuma hana ba ɗaiɗaikun masu fasaha yawancin tallafin da ake ba su kai tsaye. A nan dole a yi adalci: mai biyan haraji yana da haƙƙin ya tambayi me ake yi da guminsa, kuma masu fasahar da ke ɗaukar wannan tambaya a matsayin jahilci su ne ke sa jama'a su juya musu baya.

Kwamitin masana shi ma ba mala'iku ba ne. Na taɓa zama a irin wannan kwamiti na tantance masu neman tallafi, na ga yadda wanda ya iya cika fom da yaren da alƙalai ke so yake kayar da wanda ya fi shi iya aikin. Wataƙila wannan ne ya sa Ailan ta gwada wata hanya a 2022: ta tantance waɗanda suka cancanta, sannan ta yi ƙuri'ar sa'a ta zaɓi mutum 2,000, tana ba kowannensu yuro 325 a mako, ba tare da ta ce ga abin da za su rubuta ko su zana ba. Wanda ƙuri'a ta ba, babu wanda zai je yi wa godiya.

Idan kina son ra'ayina, ga shi. Ƙasar da kuɗinta bai da yawa ta fara da abin da idan ya ɓace ba ya dawowa, da abin da kowa ke iya shiga ya amfana: ɗakunan karatu, ma'adanar takardu, gidajen tarihi, naɗar harsuna da adabin baka, fassara, da horar da yara a makaranta. Waɗannan su ne mafi nisa daga bambaɗanci, domin kundin laburare ba ya yabon kowa. Abin takaici, su ne kuma 'yan siyasa suka fi ƙi, saboda gyaran rufin da ke yoyo ba ya zuwa da bikin yanke ƙyalle. Abin da suka fi so shi ne bikin kwana uku da katafaren ginin da ba a tanadar masa kuɗin wuta da albashi ba. Idan irin wannan kike kira almubazzaranci, ina bayanki.

Saboda haka in kun sake zama da abokiyar aikinki, ku bar gardamar a ba ko kada a ba, ku ɗauko kasafin kuɗin ku duba tare. Nawa aka ware, nawa aka saki a zahiri? Kashi nawa ya tafi albashi da bukukuwa, kashi nawa ya kai ga littafi da gyaran gini? Su wa ke zaɓen masu karɓa, kuma shugaba na iya tuɓe su ranar da suka ɓata masa rai? Ana wallafa sunayen waɗanda aka ba da adadin da suka karɓa? Sannan ku bi jerin sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, ku ga ko akwai ko mutum ɗaya a ciki da aka sani da sukar gwamnatin da ta ba shi.