Ukwa abinci ce, ba magani ba

Kai yaro, ka ce masu saye suna tsare ka da tambaya, wai me soyayyar ukwa, ƙwayar ɗan itacen nan da Ibo ke ci, ke ƙara wa jiki. Kuma wai ka gani a waya tana maganin ciwon suga, ko ka riƙa faɗa musu haka don kaya su tafi. Kul! Kada in ƙara jin wannan magana a bakin rumfata.

Tun ban kai shekarunka ba nake Anacha, kuma a hannun tsofaffin matan Ibo da suka gaji abin na koya, ba a waya ba. Bishiyar ta kurmi ce, ba ta yi a ƙasarmu. Ɗanta ɗaya ya kai ƙatuwar kabewa, ba a tsinko shi, sai ya faɗo don kansa, a bar shi ya ruɓe, sannan a wanke a tsince ƙwayar. Wahalar nan ce kuɗinta. In wani ya ce ta yi tsada, ka ce masa ya je ya wanko tasa.

Abin da ke cikinta kuwa, masu ilimin abinci sun auna. Fiye da rabinta sitaci ne. Sinadarin gina jiki, wanda suke kira furotin, ya kai wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100, mai kuma wajen kashi 10. Gyaɗar da kake soyawa a kaskon gefe kusan rabinta mai ne, kuma ta ɗara ukwa furotin. Shi ya sa ukwa ba ta gundurar mutum, tana riƙe ciki, amma tana da bushewa a maƙogwaro. Kana zaton don ado Ibo ke haɗa ta da kwakwa ko ƙwayar kwakwar manja? Maiƙon da ta rasa suke cikawa. Akwai kuma su fotasiyam da fosfaras da sauran sunayen da ɗana na jami'a ya taɓa jero mini. Iyakar abin da za ka faɗa ke nan. Mai ciwon suga in ya tambaya, ka ce masa sitaci ne, ya ci da awo, ya kuma tambayi likitansa.

Wannan zancen na magani shi ya cinye mini babur, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙarshen 2011 ne, gab da Kirsimeti, lokacin da ukwa ta yi wuya don kakarta ta wuce, sai busasshiya a hannun masu ajiya. Wani mutum ya tsaya da mota a gaban rumfar nan ta Sabon Gari, sanye da kwat, da jaka a hammata, sai "Alhaji, Alhaji" yake yi mini, alhali ko Jidda ban taka ba a lokacin. Wai zai zuba ukwa a robobi masu murfi, ya manna takarda mai hoton likita, ya sayar wa masu ciwon suga da hawan jini. Buhu huɗu yake so. Buhu huɗu na ukwa ba wasa ba ne, ni kaina ban taɓa tara su lokaci guda ba. Na kira matar da ke aiko mini da kaya daga Anacha, ta ɗaure mini bisa amana, ta sa a lagzuri, na je tashar New Road da asuba na sauke. Shi kuwa kafin alƙalami ya ajiye, wanda bai kai kuɗin buhu ɗaya ba, sauran sai kaya sun shiga.

Da aka fara suya ya zo ya tsaya mini a ka. Wai in ƙara mata wuta ta yi duhu, don mutane su ga kamannin magani. Na ce masa, Malam, wuta tana gyara ukwa ne zuwa wani mataki, tana kashe baurin nan da ke hana ciki cin moriyarta. In ta wuce nan, ƙarfin abincin kake ƙonawa, ɗaci ya rage maka. Ya ce kayana ne ko naka? Na ce naka ne. Na ƙara masa wuta.

Na biyu ya fi muni. Na ce a baza ta a tabarma ta sha iska har ta huce sarai. Ya ce ba shi da lokaci. Da ɗuminta yaransa suka kwashe, suka ɗura a robobi suka murɗe murfi. Da idona na ga gumi ya fara kwanciya a jikin robar tun kafin su sa a but. Na nuna masa da yatsa, ya yi dariya.

Sai ga Janairun 2012, gwamnati ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka shiga yajin aiki, kasuwanni suka rufe. Kayansa suka kwana suka tashi a shago cikin gumin nan. Da gari ya lafa, sai ga shi da kwalaye. Na buɗe roba ɗaya, fumfuna ta yi kore a gindi, wari ya buge ni. Wai ni na sayar masa da tsohon kaya! A gaban shugabannin layi ya rantse, ya ce ma in biya shi kuɗin robobi da na buga takarda. Ba rubutu tsakaninmu, ba shaida sai yaransa. Aka ce a yi haƙuri, kowa ya ɗauki asararsa. Wace asara ya ɗauka? Matar Anacha kuwa ba ruwanta da kwat ɗin wani, ni ta sani. Na sayar da babur ɗina Jincheng na biya ta har kwabon ƙarshe, shi ya sa har yau in na kira ta kaya na tasowa.

Har cewa ya yi in sake soya masa mai fumfunar a rage asara. Na zubar da ita a bola a gabansa. Dafin fumfuna hanta yake ci, kuma kasko ba ya kashe shi. Ko a gyaɗa haka ne, ka riƙe wannan.

Yadda ake tankaɗe yashi da zafafa shi ba zan tsaya gaya maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake. Abin da ku yaran yanzu ba ku da shi kunne ne da hanci. Hannu ɗaya na juya sakaina, ɗaya na latsa waya, ina za ka ji ƙarar ɓawo in ya fara tsagewa? Da ka ji ta, ka ɗebo ƙwaya biyu ka murza a tafin hannu. In ɓawon ya saɓule, cikin ya yi ruwan ƙasa mai haske, ya kuma karye ƙaras a haƙori, sauke. In ka jira ƙauri ya gaya maka, ka makara. Wadda ka soya shekaranjiya ta wuce wuta, na gani, na yi shiru ne don akwai baƙi a rumfa. Kuɗin mudun nan daga ladanka zan cire.

Kuma duk wanda ya zo neman fiye da mudu biyar, kada ka yi ciniki da shi, ka turo mini shi.