Ka Bar Fuskarsa, Ka Kalli Hannunsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya sanyi? Ni mai gyaran waya ne a Terminus. Mu biyar muke haɗuwa daren Asabar a shagon wani abokinmu tela a Anguwan Rogo. A da wot muke bugawa, yanzu mun koma foka, irin wanda ake ba kowa kati biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiya. Ba ma sa kuɗi, marafan kwalbar lemo muke rabawa hamsin-hamsin. Damuwata telan nan ne. Duk ranar da na yi burga sai ya kama ni, ranar da kati ya zo mini kuwa sai ya zubar da nasa tun ban ci komai ba. Ni ko in wuni ina kallon fuskarsa ba na gane komai. Yaya ake karanta mutum a wasan nan?
Mai gyaran waya, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Sanyi alhamdu lillahi, lokacinsa ne.

Na ji daɗi da ka ce marafan kwalba. Ku tsaya a kansu. Ranar da naira ta hau tabarmar nan, ko ta hamsin ce, an bar wasa an shiga caca, kuma aya ta 90 ta Suratul Ma'ida tare da giya ta jera ta. Da idona na ga dillalin da ya zauna karta da kuɗin tumatir na mutane, ya tashi ko na motar komawa gida babu. Har yau in na tuna fuskar manomin da ya zo karɓar kuɗinsa washegari, raina na ɓaci.

Ni na koyi foka ne ina saurayi, a hannun wani Bature mai aikin kuza a Bukuru da nake tuƙa wa mota. Da tsinken ashana muke yi, kati biyar a hannu. Irin naku sai daga baya na gan shi a talabijin tare da yarana. Amma karatun mutane a Farin Gada na yi shi, shekara da shekaru ina dillancin kayan gwari, kuma abin da na koya a gaban kwando shi ne dai a gaban kati.

Kuskurenka yana cikin tambayarka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma gaskiya ne a wurin wanda bai san ana kallonsa ba. Wanda ya zauna foka ya san fuskarsa kowa ke gadi, saboda haka ita yake fara ɗaurewa. Hannu ne yake mantawa da shi. A shekarar 2013 wani mai bincike a Amurka, Michael Slepian, da abokan aikinsa sun nuna wa ɗalibai gajerun bidiyo na ƙwararru a gasar foka ta duniya ta 2009 a Las Vegas, daidai lokacin da suke tura zubinsu tsakiya. Waɗanda aka nuna wa fuska kaɗai ba su iya tantance mai kati mai ƙarfi ba, fuskar ma ɓatar da su ta yi. Waɗanda aka nuna wa hannu kaɗai sun fi dacewa, kuma hannun da ya tafi sumul ba tangarɗa ya fi zama na mai kati mai kyau. Bambancin ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ka sanin inda za ka ajiye idonka.

Kafin komai, sai ka san yadda mutum yake in babu abin da ya dame shi. Asabar mai zuwa, duk zagayen da ka zubar da katinka, kada ka ɗauki waya. Nan ne makarantarka. Ka kalli yadda telan yake riƙe marafansa, ko yana ƙirga su kafin ya tura ko watsa su yake yi, ko yana hira ko shiru. In aka buɗe kati a ƙarshe, ka haɗa abin da ka gani da abin da yake riƙe da shi. Alama ba ta zama alama sai ta saɓa wa halin mutum na kullum, kuma sai ka gan ta sau uku ko huɗu tana faɗin abu ɗaya.

A kasuwa, wanda ya tsaya yana kushe tumatir, yana cewa ya yi ruwa, yana juya baya kamar zai tafi, shi ne mai saye. Wanda ya yaba ya ce kaya sun yi kyau, yawanci wucewa zai yi. Wani masanin foka Ba'amurke, Mike Caro, tun shekarun 1980 yake koyar da wannan: mai nuna rauni ƙarfi gare shi, mai nuna ƙarfi rauni gare shi. In mutum ya yi tsaki, ya ɗaga kafaɗa, ya ce "to, bari dai in gwada", sannan ya tura marafa ashirin, ka gudu. In kuwa ya buga su da ƙarfi, ya zuba maka ido kamar zai cinye ka, sau da yawa kurari ne. Haka wanda ya kai hannu kan marafansa tun kana tunani, wai ya nuna maka a shirye yake ya bi ka. So yake ka fasa zubi. Mai kati na gaske ba ya hana ka zuba masa.

Waɗannan duk na masu wasan kwaikwayo ne. Waɗanda suka fi daraja su ne waɗanda jiki ke yi ba da izinin mai shi ba, kuma suna fitowa ne a daƙiƙar da aka buɗe ukun farko na kati biyar ɗin tsakiya. Kowa a shagon nan katin yake kallo. Kai kada ka kalla, ba inda za shi. Ka kalli mutane. Wanda katin ya yi wa daɗi yakan ɗan saci kallon marafansa, sai ya kau da kai kamar ba ruwansa, domin zuciyarsa ta riga ta fara lissafin nawa zai zuba. Wanda bai samu komai ba yakan daɗe yana kallon tsakiya, yana neman abin da babu. In uku 'yan dangi ɗaya suka faɗo, misali duk masu zanen zuciya, ka ga mutum ya sake leƙa katinsa, yawanci so yake ya tabbatar ko yana da guda ɗaya na dangin. Wanda yake riƙe da biyu na dangin nan bai manta ba.

Sai rawar hannu, wadda kusan kowa ke yi wa gurguwar fahimta. Ana ɗauka mai burga ne hannunsa ke karkarwa. Akasin haka ya fi yawa. Mai burga ƙamewa yake yi, ya ɗauke numfashi, ƙafar da yake kaɗawa ta tsaya cak, hirar da yake yi ta yanke, saboda yana tsoron kada motsi ya tona shi. Wanda babban kati ya faɗo wa shi ne jikinsa ke saki, murna ta sauko masa har yatsu. Amma fa a Jos muke. A watan Disamba da Janairu, ƙarfe goma na dare a shagon da iska ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, hannun kowa rawa yake yi. Ka lura ko rawar tana nan tun da aka zauna, ko kuwa da buɗe kati ta zo.

Haka maganar ido. Turawa na cewa mai kau da ido yana ɓoye wani abu. Mu nan yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya haɗa ido da na gaba da shi, ko da gaskiya yake faɗa. In akwai ƙanin wani a cikinku, sunkuyar da kansa kunya ce, kada ka gina komai a kanta.

Lokaci ma yana magana. Wanda ya bi zubinka nan take, ba tunani, bai ko yi shawarar ƙarawa ba, ke nan katinsa matsakaici ne ko yana jiran wani ya faɗo. Kuma kafin ka yi zubi, ka ɗan dubi na hagunka, su da za su yi bayanka. Da yawa sun riga sun riƙe katin a bakin yatsu suna shirin jefarwa.

Yanzu kai. Mutumin da ya wuni yana auna kafaɗar mutane da ido ba zai rasa ganin canji a jikinka ba. Zatona kana da hannu biyu: na ranar samu da na ranar burga. Ka mai da su ɗaya. Kada ka duba katinka sai layi ya zo kanka. Ka duba sau ɗaya, ka haddace lamba da dangi, ka ɗora murfi a kai. Kowane zubi, ka ƙirga biyar a zuci, ka tura da hannu ɗaya, ka mai da hannun inda yake, ka yi shiru. Kuma ka duba yawan abin da kake zubawa, don na fi zargin nan ne yake kama ka. In biyar kake sawa da kati mai kyau, goma sha biyar da burga, ba ya bukatar kallonka ma.

Alama ba ta maye gurbin lissafi. In ka haɗa huɗu 'yan dangi ɗaya tsakanin katinka da na tsakiya kana jiran na biyar, saura kati ɗaya da za a buɗe, kusan sau ɗaya cikin biyar zai zo, komai rawar da hannun tela ke yi. Inda shawara ta tsaya a tsakiya, bi ko bari, a nan ne alama ke karkata ta.

TAMBAYA: Kawu, na ga ƙwararru na sa baƙin tabarau. In saya?
Ɗalibi, Bauchi Road, Jos

AMSA: Ajiye kuɗinka ɗana. Chris Moneymaker, wani akanta daga Tennessee, da tabarau da hula ya ci gasar duniya ta 2003, shi ya sa ake kwaikwayo. A zagayen da aka fi tunawa, ya tura duk abin da yake da shi ba tare da ya haɗa komai ba. Abokin karawarsa Sam Farha, wanda katinsa ya fi, ya daɗe yana nazari, har ya faɗa da bakinsa cewa yana zaton katin da Moneymaker ke jira bai zo ba. Ya karanta daidai, sannan ya zubar. Tabarau bai ɓoye komai ba ke nan, ƙamewar mutumin da girman zubin ne suka sa Farha ya kasa bin abin da ya gani. A ɗakin da kuke wasa da fitilar caji, baƙin gilashi zai hana ka bambance 6 da 9 ne kawai. In akwai abin rufewa a jikinka, wuya ne, inda ake ganin haɗiyar yawu da bugun jijiya, kuma rigar sanyi mai dogon wuya ta gwanjon Katako ta isa.