Hoton kai ya fito lafiya, amma ciwon kai ya ƙi tafiya: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayoyi uku ne suka taru min a kan buguwar kai, bari mu ɗauke su.

Tambaya: Likita na faɗo daga kan babur sati biyar kenan ba hular kwano, an min hoton kai na CT aka ce ba komai, amma har yau ciwon kai da jiri, in na kalli waya idona sai ya yi nauyi, a gida har an fara cewa raki ne.

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi, kuma wlh ba raki ba ne. Shi CT aikinsa ya nemo jinin da ya taru ko ƙoƙon kai da ya tsage, in babu su sai ya fito fes. Ita kuwa girgizar ƙwaƙwalwa siraran jijiyoyi ne suke jawuwa lokacin da kai ya bugu, sinadaran ciki su rikice, kamar gidan da gininsa na tsaye ƙyam amma wayoyin wutar cikin bango sun saki, ai hoton gidan ba zai nuna maka ba. Yawancin manya cikin sati biyu suke warwarewa, yara kan kai sati huɗu, toh kai tunda ka wuce haka ka koma asibiti a duba maka wuya da ido da kunnen ciki da yanayin baccinka, sau da yawa a nan matsalar take maƙalewa kuma ana magance ta. Kar ka kulle kanka a ɗaki mai duhu, cikakken hutun kwana ɗaya ne ko biyu, daga nan sai tattaki kaɗan-kaɗan.

Tambaya: Yarona ɗan ƙwallo ne, sun yi karon kai da wani wata biyu kenan yana ta mantuwa. Na ji akwai sabon hoton ƙwaƙwalwa na MRI da ke nuna abin, in sayar da akuyata mu je?

Hajiya akwai shi, DTI ake ce masa, yana bin yadda ruwa ke tafiya a cikin zaren jijiyoyin ƙwaƙwalwa, akwai kuma SWI mai kamo ɗigon jini ƙanana da CT baya gani. Sai dai in masu bincike suka gwada taron waɗanda suka bugu da taron masu lafiya suna ganin bambanci, amma a ɗauki hoton yaro ɗaya a ce ga dalilin mantuwarsa ko ga ranar da zai warke, ba a kai nan ba tukuna. Ko gwajin jinin da Amurka ta amince da shi a 2018, mai auna GFAP da UCH-L1, wato sinadaran da ke fita daga ƙwaƙwalwa su shiga jini in ta bugu, amfaninsa a awannin farko ne don a san wa ke buƙatar CT. Ni dai ki bar akuyarki, ki kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ya gwada shi da hannu, in da buƙatar MRI shi zai faɗa. Kuma dan Allah kar ya koma fili sai an sallame shi, bugu kan bugu shi ne abin tsoro. Cutar CTE, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan buguwar kai, wadda Dakta Bennet Omalu ɗan Najeriya ya gano a ƙwaƙwalwar ɗan wasan Amurka Mike Webster a 2002, har yau sai bayan mutuwa ake iya tabbatar da ita.

Tambaya: Babanmu mai shekara 72 ya zame a banɗaki sati uku da suka wuce, ya tashi garau, yanzu kuma yana rikicewa yana jan ƙafa ɗaya.

Wannan kam kar ku kwana Malam, ku kai shi yau a yi CT. Jini kan riƙa tsattsafowa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai a tsofaffi, musamman masu shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko warfarin, sai bayan makonni ya nuna, kuma in an cire shi da wuri da yawa suna miƙewa. Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda ku nuna wa likita.