Tambayoyinku: Neman Nonon Ruga da Kayan Gona a Ƙasar Waje

Wasiƙun wannan fitowar duk daga 'yan Katsina da Daura suka zo, waɗanda karatu ko aure ko neman abinci ya kai ƙetare. Likitan dabbobi da malamar kimiyyar abinci da ke taya mu riƙe wannan fili a nan Katsina su ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni 'yar Ƙofar Marusa ce, aure ya kawo ni Birmingham a Ingila. Duk sanda na kwantar da madarar kanti sai kindirmon ya fito tsararo, ba maiƙo, ba gardi. An ce mini sai na samu ɗanyar madara wadda wuta ba ta taɓa ba. Ina ake samunta, kuma doka ta yarda? Ina da juna biyu wata biyar. Daga Maman Aisha.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Aisha, Allah ya sauke ki lafiya. Wanda ya ba ki wannan shawarar ya ɗora laifi inda ba ya nan. Kindirmon da matan Fulani ke shigowa da shi cikin Katsina a ƙwarya, galibi sai an tafasa madarar, ta huce, sannan a zuba mata tsohon nono a rufe da faifai ta kwana. Ke nan ba rashin dahuwa ke ba shi daɗi ba. Abu biyu ne: yawan mai, da irin da aka kwantar da shi.

Madarar kanti aiki biyu ake yi mata, mutane kuma suna ɗaukarsu abu ɗaya. Na farko shi ne ɗumama ta don kashe ƙwayoyin cuta, digiri 72 a ma'aunin Salshiyos na daƙiƙa 15. Wannan ba ya hana kindirmo kyau. Na biyu shi ne a tura ta cikin inji da matsi mai ƙarfi har ƙwayoyin man su farfashe su saje da ruwan, shi ya sa ko kwana uku ta yi a firiji ba za ki ga mai ya taso samanta ba. Sannan ki duba launin tambarin robar da kike saye. A Ingila shuɗi ne cikakkiyar madara, mai wajen kashi 3.6 cikin 100 na mai. Kore an kwashe kusan rabin man. Ja kuwa kusan ruwa ne. Idan mai kore kike kwantarwa, to ga inda gizo ke saƙar. Ki nemi madarar shanun Jersey, wadda manta ya kai wajen kashi 5, kuma ki duba kalmar unhomogenised a jikin kwalbar. Ana samunta a manyan kantuna da shagunan gona, an riga an kashe mata ƙwayoyin cuta, man kuma yana nan yana tasowa kamar na shanun gida.

Maganar doka: a Ingila da Wales da Ayalan ta Arewa an yarda manomin da ya yi rajista ya sayar da ɗanyar madarar shanu kai tsaye ga mai sha, a bakin gonarsa, ko a rumfarsa ta kasuwar manoma, ko ya kawo gida. Kantuna ba su da izinin sayar da ita. A Sikotilan an hana ɗungurungum. Hukumar kula da ingancin abinci ta can, FSA, tana da jerin gonakin da suka yi rajista a shafinta na intanet, kuma dole kowace kwalba ta ɗauki gargaɗin cewa ba a dafa ta ba.

To amma ke a halin da kike ciki, kada ki sha ta ɗanya ko da kurɓi ɗaya. Akwai ƙwayar cutar listeriya da ke ci gaba da hayayyafa ko cikin sanyin firiji. Uwa kan ji ɗan zazzaɓi ne kawai, amma tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Akwai wani nau'in ƙwayar cutar ikolai da ke lalata ƙodar ƙananan yara. Tarin fukan shanu ma har yanzu bai ƙare a garkunan wasu sassan Ingila da Wales ba. Saniya lafiyayya, gona fes, duk da haka ɗigon kashi ɗaya a jikin hantsa ya isa. Idan kin sayo ta saboda maiƙonta, ki ɗora a wuta kina juyawa har ta taso, sannan ki yi abin da za ki yi da ita.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan Daura ne, ina karatu a Texas. A Facebook na ga masu sayar da ɗanyar madara da aka rubuta cewa ta dabbobin gida ce, wasu kuma suna cewa in sayi "kaso" a saniya. Wanne ya fi? Na ji ana cewa tsamin nono yana kashe duk wata cuta. Daga Malam Nura.

AMSA: Malam Nura, Allah ya ba da sa'ar karatu. A Amurka tun 1987 gwamnatin tarayya ta hana ƙetare iyakar jiha da ɗanyar madara don sayar wa mutane su sha, ta bar wa kowace jiha ta tsara abin da za a yi a cikinta. A Kalifoniya har a kanti ana sayarwa. A Texas inda kake, gona mai lasisi tana iya sayar maka kai tsaye, amma ba za ka ganta a kanti ba. In kana da abokai a Kanada, ka gaya musu can an haramta sayar da ita tun 1991.

Wadda aka rubuta "ta dabbobi ce" ka bar wa dabbobin. Dabara ce ta kauce wa mai duba gari, kuma in wani abu ya same ka mai ita zai nuna maka rubutun. Sayen kaso kuwa kamar ba da kiwo ne a wajenmu: ka biya wani abu a ce kana da rabo a garke, kana biyan kuɗin kulawa duk wata, ana ba ka madara a matsayin mai saniya. Wata jihar ta amince da shi, wata ba ta amince ba, kuma sau da yawa babu jami'in da ke gwada madarar. Gona mai lasisi ta fi. In ka je, ka nemi a nuna maka lasisin da sakamakon gwajin madarar na baya-bayan nan, ka tambaya ko an gwada garken don tarin fuka da bakkale (cutar da ke sa saniya ɓari), ka taɓa kwalbar ka ji ta yi sanyi ƙalau. Ka tafi da kular sanyi da ƙanƙara a ciki, domin madarar na bukatar zama a digiri 4 ko ƙasa, motar Texas kuwa da rani tanda ce.

Ka kuma sani a watan Maris na 2024 aka fara gano murar tsuntsaye nau'in H5N1 a shanun tatsa, a nan jihar taka, kuma ƙwayar cutar tana taruwa sosai a madarar saniyar da ta kamu. Dahuwa tana kashe ta.

Batun tsami kuwa, rabin gaskiya ne. Tsami yana rage wasu ƙwayoyin, amma na bakkale da na tarin fuka suna iya jure shi na kwanaki. Bakkale ita ce cutar da ke sa saniya ɓari, a jikin mutum kuma ta zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin cizon sauro a banza. Maganinta kan ɗauki mako shida ana haɗa ƙwayoyi iri biyu. Digiri 63 na minti 30 a tukunyarka ya raba ka da wannan wahala.

TAMBAYA: Ina zaune a Jamus. Ina sayen madara a injin da ke bakin gona, ina tafasawa kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Amma kindirmona wata rana ya yi yauƙi, wata rana ya tsinke ruwa ya kwanta a sama. Me nake ɓatawa? Daga Hajiya Binta, 'yar Ƙofar Sauri.

AMSA: Hajiya, kin yi daidai da kike bin rubutun injin. Ga yadda za ki yi da lita ɗaya. Ki ɗauraye tukunya da ruwan sanyi kafin ki zuba madarar, yana rage kamu. Ki ɗora a wuta matsakaiciya har digiri 85, wato sanda tururi ke tashi, ƙananan kumfa suka jeru a gefen tukunya amma ba ta kai ga tafasa ba. Ki rage wuta ki riƙe ta haka minti 15 zuwa 20. Kada ki tsallake wannan, shi ke sa kindirmo ya yi kauri ya riƙe ruwansa. Ki sauke ta huce zuwa digiri 43. In babu ma'auni, ki ɗiga a bayan hannu: da ɗumi sosai amma ba ƙuna. Ki ɗebi ludayi ɗaya na madarar ki dama cokali biyu na iri, wato tsohon nono ko yogot, a ciki har ya narke, ki juye a tukunya, ki juya sau biyu ko uku, ki rufe.

Nan ne matsalar ƙasar sanyi take. A Katsina ɗaki da kansa yake riƙe wa ƙwarya ɗumi. A Jamus cikin awa ɗaya tukunya ta huce. Ki naɗe ta da bargo ki ajiye kusa da abin ɗumama ɗaki, ko ki sa a oben da aka kashe amma fitilarsa na kunne, ko ki juye a fulas mai faɗin baki. Awa 6 zuwa 8 ba tare da an motsa ba. Mai son tsamin hura irin na gida ya kai awa 12. Daga nan sai firiji na awa huɗu kafin a taɓa.

Yauƙi yawanci daga sanyi ne: madarar ta huce da wuri, ƙwayoyin irin suka yi aiki a hankali suna fitar da wani abu mai danƙo. Wani irin ma haka halinsa yake, sai ki canja. Tsinkewa kuwa daga zafin da ya yi yawa ne, ko daɗewa, ko an girgiza tukunya tana tsakiyar kamawa, ko iri ya yi yawa (mata da dama suna ganin in sun ƙara iri zai fi kauri, alhali gudaji yake yi). In bai kama ba sam, ko kin zuba irin madara na da zafi ya mutu, ko yogot ɗin da kika saya an dafa shi bayan ya kwana. Ki sayi farin yogot marar sukari, marar ɗanɗanon 'ya'yan itace. Na shagunan Turkawa yana da tsamin da ya fi kusa da namu. Kina iya ɗibar iri daga naki sau huɗu ko biyar, sannan ki sabunta. In kika ga launin hoda ko ruwan goro, ko gashin fumfuna, ki zubar duka, kada ki yaye saman ki ci ƙasan.

In man shanu kike so, ki kwashe saman kindirmo na kwana uku ko huɗu ki tara, ki zuba a kwalba mai murfi da ɗan ruwan sanyi ki yi ta kaɗawa kamar gora, minti 15 zuwa 20, har man ya dunƙule. Ki wanke shi da ruwan sanyi sau uku kafin ki soya da albasa. Ruwan da ya rage shi ne tsalarki.

TAMBAYA: Na sayi gero a kanti a Landan, furar ta fito rawaya ba ƙanshi. Kuma na sayi garin kuka, miyar ta yi tsami ba yauƙi. Daga Hadiza, Daura.

AMSA: Malama Hadiza, duka biyun suna ne ya yaudare ki. Geron kantin Turawa wata tsaba ce daban. Namu yana shagunan Indiyawa da sunan bajra, dawa kuma jowar. Ki fi sayen tsaba ki niƙa kaɗan-kaɗan, don garin gero yana da mai, ba ya jimawa yake ɗaci. In gari kika saya ki sa a firiza. Rabin kilo na gari, ƙaramin cokali ɗaya na citta, rabi na kanumfari, ɗan masoro da barkono, ki kwaɓa da ruwa wajen kofi ɗaya ya yi tauri, ki cura, ki saka a tafasasshen ruwa minti 25. Ki fasa ɗaya, in babu farin gari a tsakiya ta dahu. Injin kwaɓa fulawa yana maye gurbin turmi in kin kirɓa tun da zafinta.

Garin kukar shagunan kayan lafiya na 'ya'yan kuka ne, irin wanda masu nono ke ƙarawa don kauri, ba na ganye ba. Na miya sai shagon 'yan Afirka ta Yamma. Lalo yana firizar shagon Larabawa da sunan molokhiya, yakuwa tana wajen Indiyawa da sunan gongura, alayyafo kuma wajen 'yan Jamaika, callaloo. Kazar da ta fi kusa da ta Hausa ita ce tsohuwar kaza mai ƙwai da mahautan halal ke sayarwa. Ki ba ta awa ɗaya da rabi a wuta. In ƙwan kajin da ke yawo kike so, ki duba lambar farko da aka buga a jikin ƙwan: 0 da 1 masu fita waje ne, 2 na cikin rumfa, 3 na keji.

TAMBAYA: Mahaifiyata za ta zo mini daga Katsina zuwa Manchester. Za ta iya taho mini da man shanu da kilishi? Daga Abba.

AMSA: A'a, Abba. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shigo da nama ko wani abu da aka yi da madara, saboda cututtukan dabbobi irin su ciwon baki da kofato. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk za a ƙwace a filin jirgi, ana kuma iya cin tara. Ka ce wa Hajiya ta cika jakar da busasshiyar kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji. Ta ɗaure daddawar a leda biyu ta sa a roba mai murfi, kowane ƙulli a rubuta sunansa a jiki, kuma in jami'i ya tambaya ta buɗe ta nuna masa duka.