Tambaya da Amsa: Cikar teku a Lome da cikar kogi a Yamai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban babbar mota ne daga Tahoua, ina ɗauko kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome. Idan muna jiran lodi nakan ga teku ta ciko ta ci rairayin gaɓa, bayan ƴan awoyi ta janye. Amma na lura ta fi haukacewa wajen watan Satumba. Damina ce ke ƙara mata ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Ruwan damina bai isa ya cika teku ba. Cikar da kake gani aikin wata ne da rana, su ke jan ruwan, kuma tasirin wata a kan cikar teku ya ninka na rana fiye da sau biyu saboda kusancinsa da mu. A gaɓar Togo da Benin teku na cika sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25. Shi ya sa kullum take makara da kamar minti 50: in ta cika yau ƙarfe 8 na safe, gobe sai wajen 9 saura minti 10.

Lissafin watan Musulunci zai yi maka jagora. Daga tsayuwar wata zuwa 3 ga wata, da kuma 14 zuwa 17, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya, jansu ya haɗu, sai ruwa ya hau sosai ya kuma janye nesa. Wajen 8 da 23 ga wata kowanne na ja ta nasa ɓangare, motsin sai ya yi rauni.

Abin da ka lura da shi a Satumba gaskiya ne. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, lokacin da dare da yini ke daidaita tsawo, rana na tsayawa daidai bisa layin da ya raba duniya biyu, kuma a nan ne ake samun manyan cika na shekara. Ƙari a kan haka, nisan wata ba ɗaya ba ne kullum: yakan matso zuwa wajen kilomita 363,000, ya yi nisa zuwa wajen 405,000. In matsowarsa ta faɗo daidai da tsayuwarsa ko cikarsa, ruwan ya ƙara hawa.

Duk da haka, tsakanin cika da janyewa a wannan gaɓa bai kai mita 2 ba, alhali a mashigin Fundy na Kanada yana kai mita 16. Abin tsoro a Lome raƙuman ruwa ne. Daga Yuni zuwa Satumba hunturu ake yi a kudancin duniya, guguwar kudancin tekun Atlantika na turo manyan raƙuma har gaɓar Afirka ta Yamma. Idan suka hau kan babbar cika, nan ne ake ganin ruwa yana zaizaye gaɓa yana shiga gidaje. Jadawalin cikar teku da ake amfani da shi a tashar jiragen ruwa wata da rana kawai yake lissafawa, iska ba ta ciki, don haka ruwa kan wuce abin da aka rubuta.

Muna roƙonka, kai da yaran motarka, kada ku shiga wanka ko wanki a can. Ruwan da ke komawa teku yana da jan ƙafa, yana kayar da mutum ko a gwiwa yake. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, ya yi iyo gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita daga jan.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Harobanda, cikin Yamai. Ɗalibaina sun tambaye ni ko wata ne ke cika kogin Isa (wato kogin Neja) a watan Janairu, tunda babu ko ɗigon ruwan sama.

Amsa: Malama, a gaishe ki da ɗaliban naki. Wata ba shi da hannu a ciki. Yamai ta ɗara teku tudu da kusan mita 200, ga madatsun Kainji da Jebba a tsakani.

Kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar Agusta da Satumba ita ce ta ruwa mai launin ja, wadda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa daga ɓangaren Burkina Faso ɗauke da jar ƙasa. Tana hawa cikin ƴan kwanaki, ita ce mai fasa shingen kare ruwa. A Satumban 2020 ma'aunin ruwan kogin a Yamai ya kai wajen mita 7. Ta Janairu kuwa ruwan daminar tsaunukan Gini ne. Yana shiga fadamun tsakiyar Mali ya bazu, ya yi watanni yana tafiya sannu, laka ta kwanta, sai ya iso mana a washe cikin sanyi. Ki sa yaran su cika kwalba ɗaya a Satumba, ɗaya a Janairu, su bar kowace ta kwana biyu ba motsi, su auna kaurin lakar da ta kwanta a gindi.