Jatan lande zai iya ƙarewa a teku?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da busasshen jatan lande da nake sarowa daga Oron. Masu kawo mana kaya suna ta kukan cewa ya ragu a ruwa, wai har akwai ƙasashen da ke hana kama shi na wasu watanni. Ni kuma na ji an ce uwa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. To abin da ke hayayyafa haka, ta yaya kamu zai rage shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji game da ƙwan gaskiya ne, amma ba a kan kowane iri ba. Manyan jatan landen da jiragen ruwa ke kamowa a daskarar a kai Turai, uwa ɗaya takan zuba ƙwai dubu ɗari zuwa sama a lokaci guda, ta sake su cikin ruwa ta yi gaba. Ƙananan da kike sayarwa, waɗanda masu kwalekwale ke kamawa a bakin kogunan Akwa Ibom da Kuros Riba, wani jinsi ne dabam. Su uwar goyon ƙwanta take yi a ƙarƙashin ciki har ya ƙyanƙyashe, yawansa kuma bai kama ƙafar na manyan ba. Duk uwar da ta faɗa raga, ta faɗa ne da goyonta.

Ko a manyan ma, yawan ƙwai ba ya ba da kariyar da ake zato. Ana zuba ƙwan ne can cikin teku. 'Ya'yan da suka fito ba sa iya ninƙaya mai nisa, igiyar ruwa ce ke kai su gaɓa cikin mako biyu zuwa uku, kuma mafi yawansu kifaye ke cinyewa a hanya. Waɗanda suka tsira sai su shige inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri, su laɓe cikin saiwoyin itatuwan fadamar bakin teku da ake kira mangurof. Nan suke 'yan watanni suna girma kafin su koma teku su hayayyafa. Gaba ɗayan rayuwarsu shekara ɗaya ce zuwa biyu. Ke nan babu tsofaffin da ke jibge a ruwa ana ɗiba daga cikinsu shekara da shekaru. Abin da aka kama bana 'ya'yan bara ne, abin da za a kama baɗi kuwa ya rataya ne a kan iyayen da aka bari da kuma lafiyar fadamar da za ta raine su.

Ta hanya biyu kamu ke yin ɓarna. Ta farko ita ce a kwashe shi tun yana ƙarami, kamar manomin da ya yanke gonarsa kaf tun gero na tumu. Nauyin da za a samu da an jira wata biyu ya tafi, farashin babba kuma ya ninka na ƙarami. Wannan ne ya sa a gaɓar jihar Texas ta Amurka ake rufe kamu daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuli. Ta biyu ta fi muni: a rage iyaye har su kasa cike gurbi.

An daɗe ana ganin ta biyun ba za ta taɓa faruwa ga jatan lande ba, saboda wannan lissafin ƙwan da kika kawo. Arewacin Ostireliya na cikin wuraren da suka nuna akasin haka. A mashigin tekun Kafentariya, farkon shekarun 1980 jirage kusan 300 ne ke jan koma. Iri biyu suke nema. Akwai farin da ke taruwa dunƙule guda har ya tayar da laka ruwan ya yi duhu, ƙaramin jirgin sama ya hango wurin ya kira jiragen ruwa. Wannan yawansa na bin damina ne, shekarar da koguna suka cika suka koro 'ya'ya zuwa teku sai kamu ya yi albarka. Akwai kuma mai zane a baya irin na damisa, wanda ake kamawa da dare. Shi ne ya dinga raguwa, masu bincike kuma suka gano cewa iyayen ne suka yi kaɗan.

Maganin da suka yi mai ɗaci ne. An sayi lasisin jirage an soke, sau da dama, har aka dawo jirage 52. An raba shekara gida biyu: kamun farin ya fara a Afrilu, a rufe a tsakiyar shekara, a buɗe wa mai zanen daga Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba. An hana shiga wuraren rainon 'ya'ya. Idan abin da jirgi ke samu a rana ya faɗi ƙasa da wani ma'auni, sai a tashi kakar tun lokaci bai yi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne sun daina neman kamu mafi yawa, sun koma neman riba mafi yawa, domin jirage kaɗan a ruwa mai cike da kaya sun fi ƙona mai kaɗan. A 2012 wannan kamun ya sami shaidar ɗorewa ta ƙasa da ƙasa.

Amma rufewa ba ta warkar da komai. A mashigin tekun Maine na Amurka an dakatar da kamun jatan landen ruwan sanyi tun 2014, bai farfaɗo ba, saboda ruwan kansa ne ya yi ɗumi.

Sai batun abin da koma ke haɗowa da shi. Idon ragar jatan lande ƙanana ne, ana kuma jan ta a ƙasan teku, don haka tana kwaso 'ya'yan kifi da ƙaguwa da kunkuru. Wani rahoton Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2005 ya ce fiye da kashi 27 cikin 100 na abin da masunta ke kamawa su sake zubarwa a tekunan duniya daga jiragen kamun jatan lande na ƙasashe masu zafi yake fitowa. Don ceton kunkuru ake saka wani ƙarfe mai sanduna a karkace cikin wuyan komar: jatan lande ya ratsa tsakanin sandunan ya wuce jaka, kunkuru ya bugi ƙarfen ya sulale ta wata ƙofa. Dokar Amurka ta 1989 ce ta hana sayen jatan lande daga ƙasar da ba ta kare kunkuru, ita ta sa ƙasashe da yawa, har da Najeriya, suka rungumi wannan ƙarfen.

Mu a nan doka ba ta yi ƙaranci ba. Dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta sun hana manyan jirage jan koma cikin mil 5 na teku daga gaɓa, wato wajen kilomita 9, sun kuma ce idon jakar ragar jatan lande kada ya gaza milimita 44. A ganina inda gizo ke saƙar shi ne tsaron wannan iyaka, da kuma fadamun Neja Delta, waɗanda babu kamarsu a Afirka wajen faɗi. Malalar ɗanyen mai tana kashe su, ana sare su don itacen banda kifi, ga wata kaba baƙuwa da aka shigo da ita Kalaba a 1906 tana mamaye wurin da aka sare. Duk inda fadama ta mutu, 'ya'yan jatan lande sun rasa maɓoya, ko da ba a jefa raga ko ɗaya ba.

Tsadar da kike gani tana da hannun kuɗin mai da na mota da sauyin kaka, don haka ba ita kaɗai za ki auna da ita ba. Ki riƙa zazzage buhu a faranti ki duba. Idan shekara bayan shekara ƙwayar tana ƙanƙancewa, gari yana yawa, 'ya'yan kifi masu tsawon farce suna ƙaruwa a ciki, alama ce ta cewa ana matse idon raga ana shiga wuraren raino. Ki faɗa wa masu kawo miki, ki kuma bambanta kuɗin mai tsabta da na mai gauraye.