Sunayen Cututtukan Yara a Bakin Bahaushe: Amsoshi ga Ma'aikatan Lafiya

Tambayoyin wannan makon duk sun fito ne daga masu aikin kula da lafiyar ƙananan yara. Na ji daɗinsu ƙwarai, domin su ne mutanen da kalma ɗaya da suka fahimta ko suka kuskure wa fassara take iya shafar ran ɗan wani.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Katsina ta tambaya ko wace ce "inna" a cikin sunan shan inna, kuma ko ya dace ta ci gaba da amfani da sunan a gaban iyaye.

Malama, wannan innar ba mahaifiya ba ce, ba kuma ƙanwar uwa ba ce. Inna suna ne na wata iska a cikin iskokin bori, wadda a zamanin da aka ɗauka ita ce take shanye ƙafar yaro ko hannunsa har gaɓar ta motse ta daina aiki. Ginin kalmar iri ɗaya ne da na cizon sauro da harbin kunama, wato an ambaci aikin sannan an jingina shi ga wanda ya aikata. Saboda haka sunan yana ɗauke da hukunci a kan musabbabin ciwon, kuma uwar da ta yarda cewa iska ce ta taɓa ɗanta za ta fara nufar mai maganin iska kafin ta tuna da asibiti. Ilimin likitanci ya tabbatar da cewa ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida, ta shiga bakin wani yaron ta hanyar ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta.

Duk da haka ban ba ki shawarar ki jefar da sunan ba, domin shi kowa ya sani, kuma mafi yawan masu faɗarsa a yau ba sa tuna wata iska. Abin da ya kamata shi ne ki kira ciwon da sunan da uwa ta sani, sannan ki bi shi da bayanin ainihin abin da ke kawo shi. Akwai kuma wata fa'ida ta aiki. Ko da yake a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan an ga yaro na ƙarshe da ya kamu da ita a Jihar Borno a 2016, har yanzu ana bibiyar duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a ɗauki bayan gidansa don gwaji. Uwa ba lallai ta ce "shan inna" ba. Tana iya cewa "ƙafarsa ta saki", ko "ya daina takawa", ko "an taɓa shi", kuma kunnen da ya san waɗannan maganganu shi ne zai kai rahoto a kan lokaci.

Wani jami'in lafiya a karkarar Bauchi yana son sanin dalilin da ya sa ake kiran ƙyanda baƙon dauro.

Dauro hatsi ne ɗan'uwan gero da maiwa, kuma bayanin da ya fi kwanta mini shi ne ƙananan ƙurajen da ke feso wa yaro sun yi kama da ƙwayoyinsa. Kalmar "baƙo" ce ta fi jan hankalina. Bahaushe yana sakaya sunan abin da yake tsoro, shi ya sa yake kiran maciji igiyar ƙasa, kuma a da yake kiran agana da ado. Wanda aka kira baƙo kuwa ana lallaɓa shi ne har ya tafi don kansa, kuma ina ganin wannan tunanin yana da alaƙa da abin da kake ji a ƙauyuka, cewa ciwon ba ya son allura ko ba ya son ruwa, sai a killace yaro a ɗaki. A nan haɗarin yake, domin ƙyanda tana iya jawo ciwon huhu da gudawa da makanta, musamman ga yaro mai tamowa. Idan kana tunatar da iyaye allurar wata tara da ta wata 15, ambaci sunayen biyu tare, don kada wani ya ɗauka cututtuka biyu ne dabam.

An kuma tambaye ni asalin riga-kafi. Kalmomi biyu ne: riga, wato gabata, da kafi, wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi, wanda kuma ake kiran asirin tsare gida ko gari da shi. Ma'anar ita ce kafa tsaro tun kafin abokin gaba ya iso, shi ya sa karin maganar "riga-kafi ya fi magani" ta girmi allura nesa ba kusa ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wata ungozomar asibiti ce a Damagaram. Ta ce takan gaya wa matan da ke noƙewa wajen bayani cewa "ranar wanka ba a ɓoyon cibi", amma wasu sai su ƙara yin shiru, har ma su ƙi faɗar sunan yaron da suka kawo.

Karin maganar ta dace da wurin, domin ma'anarta ita ce idan lokacin bayyana abu ya yi, ɓoye shi ba ya da amfani. Sai dai karin magana tana da mai faɗa da wanda ake faɗa wa. Daga bakin tsohuwa zuwa ga yarinya nasiha ce, amma daga bakin matashiyar ma'aikaciya zuwa ga matar da ta girme ta, a gaban jama'a, tana iya zama gatse. Ki faɗe ta a keɓe, cikin fara'a, bayan gaisuwa ta cika.

Rashin faɗar suna kuwa ba taurin kai ba ne, alkunya ce. A al'adar Hausawa da Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna damuwa da shi a bainar jama'a, sai ta ce "yaron nan" ko "wannan", wani lokaci ma kaka ko kishiya ce za ta riƙe shi ta yi bayani. Idan kin ga haka, ki fara tambayar ko ɗan fari ne, ki duba sunan a katin riga-kafi ko ki tambayi 'yar rakiya. Tambayoyin da uwa kaɗai take da amsarsu, irin su sau nawa ya kama nono tun jiya, da ko ta ba shi dakashi, wato nonon farko, bayan haihuwa, ki jira sai 'yar rakiyar ta fita waje sannan ki yi mata su.